Tambayar da Aka Yi Mini Dakta na Zaune

Shekarun baya, ina shirin fara digiri na biyu a fannin tsohon Girkanci a Alƙahira, malamin da nake fatan ya zama mai duba aikina, wanda kowa ke kira Dakta, ya umarce ni da in koyar da 'yan shekarar farko darasi guda, shi kuma ya zauna ya saurara. Da wannan darasi zai yanke ko zai karɓe ni. Batun kuwa shi ne yadda Girkawan dauri suke yin hani.

Ƙa'idar da Dakta ya daɗe yana koyarwa ba ta da wuya: sigar hani biyu ce, ɗaya ta cewa mutum ya daina abin da ya riga ya fara, ɗayar ta cewa kada ya fara. Ni kuma, da yake ban iya ganin misali ɗaya in haƙura ba, sai na shiga tsofaffin matani, na yi ta cin karo da wuraren da ƙa'idar ba ta zauna ba.

Da na faɗa wa abokina, ɗan Damagaram da muke haya tare a unguwar Madinat Nasr, sai ya dube ni ya ce, “Malam, a nan ba a gyara wa Dakta a gaban ɗalibai. Ka karanta musu abinsa, magana ta ƙare. Girkawan nan sun mutu, ba za su kai ƙararka ba.”

Na ɗauki shawararsa. Ranar darasin na kawo ƙa'idar yadda take, Dakta na can kujerar baya. Ina dab da rufewa sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu: “Ustaz, kullum haka ne?”

Na dubi allo, na dubi ƙasa. Da na ce e, da shi ke nan. Amma bakina ya ƙi. Na ce, “A'a, ba kullum ba. Akwai wuraren da ba ta aiki.” Har na rubuta musu ɗaya. Dakta ya miƙe ya fita.

Na bi shi ofis. Ya bar ni a tsaye ya gama goge tabaransa, sannan ya ce, “Ya ibni, ɗana, kana tsammanin ban san da misalan nan ba? Amsarka daidai ce. Amma tun da ka gano su, ofishina ya kamata ka fara zuwa. Ka yi gum da bakinka, sai a gaban yara.” Na ce, “Ma'alish, a yi haƙuri, ya Dakta.” Ya ce ya karɓe ni, amma ba zan sake tsayawa a gaban ajinsa ba har shekara ta ƙare. Haka kuwa aka yi.

Na daɗe ina juya maganar. Tsoron ɓata masa rai ne ya hana ni ƙwanƙwasa ƙofarsa, kuma shirun da na ɗauka ladabi ne, shi ya fi yi masa ciwo. Yanzu ina da nawa ɗaliban. Duk wanda na ga yana kai-kawo a bakin ofishina da littafi a rungume, ba na jira ya yi sallama. Ni nake tashi in buɗe masa.