Eriyar Zailani da Naman Layya

Zailani ɗan gonakin audugar Jazira ne a ƙasar Sudan, amma hannunsa bai taɓa shiri da fartanya ba. Yana tasawa ya gangaro Kasuwar Umdurman, ya samu ɗan lungu kusa da maƙera yana gyaran rediyo, har furfura ta cim masa a can. In ya buɗe cikin rediyo, lallashinta yake yi kamar majinyaciya.

Da wayar hannu ta shigo gari, gidansa na unguwar Alhilla Kuku ya zama abin tausayi. Dogayen benaye sun tare shi, shabaka, wato sabis ɗin waya, ba ta sauka sai a kan rufi. Ga mahaifiyarsa Hajja Bakhita, gwiwa ta hana ta hawa tsani, ga autarta Fatna tana aure a garin Madani da tsohon ciki. Duk Juma'a Zailani ne ke hawa sama da waya, Fatna ta faɗa masa, shi kuma ya kwararo wa tsohuwa a tsakar gida.

"Me ta ce, ya walad, kai yaro?"

"Ta ce lafiya lau, Inna."

"Duk wannan dogon zancen, lafiya lau ce kawai?"

Hajja dai ta ce ita muryar 'yarta take so a kunnenta. Ana jajiberin Babbar Salla Zailani ya kafa eriya a kan rufi, tana kallon hasumiyar kamfanin waya. Ɗan sabis ɗin da ta kamo sai ya biyo igiyar waya zuwa wani akwati, akwatin ya ƙara masa ƙarfi ya watsa cikin ɗaki. Ya gwada da wayar maƙwabci, murya ta fito tar.

Ran Juma'a Hajja ta kishingiɗa a gadonta na igiya, waya a hannu. Shiru. Zailani ya kwance akwati, ya hura, ya lallashe shi, a banza. Da ya hau rufi sai ya tarar eriya ta ba hasumiya baya, an jera mata sharmut, siraran naman layya da ake shanyawa don miya.

Matarsa Awadiyya ko gezau.

"Malam, ka kafa ƙarfe mai yatsu inda kyanwa ba ta kaiwa, ka ce ba na shanya ba ne?"

"To juyawar fa?"

"Inuwa take kallo. Nama zai ruɓe."

Bai ja ba, don shi ma yana son miyar. Ya ɗauko wata tsohuwar eriyar talabijin ya kafa mata a rana, ya mayar da tasa inda take. Bai gama saukowa ba ya ji Hajja tana dariya tana share hawaye: Fatna ta sauka lafiya, an samu mace.

Can tsohuwa ta ɗago kai.

"Zailani, Fatna na tambaya. Turaren wutan da take ta roƙo ka aika mata tun bara, shi ma benaye ne suka tare shi?"