Askin Karen Mama

Ranar da aka tura ni aikin kula da wata tsohuwa a unguwar Morris Heights, babu wanda ya gaya mini akwai kare a gidan. Da an gaya mini da ban je ba. Na buga ƙofa, na ji haushi daga ciki, na tsaya rungume da jakata ina tunanin in juya in koma tashar jirgin ƙasa. Kafin in yanke shawara ta buɗe, tana dogare da sanda, ga wani ɗan abu fari a bayan ƙafarta, gashi ya rufe masa ido.

A garinmu kare na mafarauta ne da masu gadi, ba ya shiga ɗaki. Tun ina ƙarama aka koya mini cewa in yawunsa ya taɓa mutum sai ya wanke wurin sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Ni kuma Allah ya yi ni da waswasi, alwala ɗaya sai in maimaita ta don ina shakkar ko ruwa ya kai gwiwar hannu. Saboda haka na ware kayan aiki daban, kayan salla kuma ina ɗaure su a leda in ɗora a saman firij. In lokaci ya yi sai in rufe ƙofar kicin in yi sallata, karen yana ƙarzar ƙofar daga waje.

Mama nake ce wa tsohuwar. Mijinta ya rasu, ɗanta guda yana wata jiha, sai ƙarshen wata yake leƙowa. Karen nan shi ne abokin hirarta. A kan ƙafarta yake barci, kuma ba ta kai loma baki sai ta ga ya ci nasa. A da ita take taje shi, amma ciwon gaɓɓai ya kanannaɗe mata yatsu, ko cokali da ƙyar take riƙewa. Gashin ya cukurkuɗe ya dunƙule kamar kitson da aka manta ba a tsefe ba, yana wari.

Wani zuwa da ɗan ya yi cikin sanyi, ya toshe hanci tun daga bakin ƙofa. Da zai tafi ya faɗa a gabana cewa in ya dawo ya tarar da karen haka, zai kai shi inda ake ajiye karnukan da ba su da mai su. Mama ta ji. Ranar ba ta ci abinci ba, washegari ma shayi kawai ta kurɓa. Na ce mata akwai shagon da ake yi wa karnuka aski a bakin titi, ta girgiza kai. Gani take in an fita da shi daga gidan ba za a dawo da shi ba. Sai ta kama wuyan hannuna da yatsun nan nata.

"Ke ki yi masa," ta ce. "Don Allah."

Ba ya cikin aikin da aka ɗauke ni, amma na kasa cewa a'a. Na ce zan yi tunani.

Da na koma gida na gaya wa Yaya, wadda muke ɗaki ɗaya da ita, 'yar Maraɗi ce mai kitso. Ta yi dariya har ta ajiye ludayi.

"Ke da kike sake wanke kofi don ƙuda ya wuce ta samansa, ke ce wanzamiyar kare?"

"Yaya, tsohuwar nan ta daina cin abinci."

"To, Allah ya ba da sa'a, Hajiya wanzamiya. Amma almakashina ki yi nesa da shi. Masu zuwa kitso suka ji labari, na shiga uku."

Da ta gama tsokanar sai ta ce ta taɓa ji malam a masallaci yana cewa a mazhabarmu kare mai rai ba najasa ba ne, kwanon da ya sa baki ne ake wankewa. Na yarda malam ya fi ni sani. Amma zuciyata ba ta karɓa ba, abin da aka zuba mini tun yarinta ya riga ya zauna.

Na sayi almakashi da mataji da 'yar kilifa. Na kalli bidiyo a waya, sai dai Turancinsu ya yi mini sauri, hannuwansu kawai nake bi da ido. Dabbar da na taɓa wankewa a rayuwata ita ce ragon layyar babanmu, wanda muke cuɗawa da omo da soso a tsakar gida har ya yi fari fat. Haka na yi wa karen. Na huda baƙar ledar shara na zura a kan kayana, na sa safar hannu ta roba mai kauri, biyu a kowane hannu, na saka shi a baho na cuɗe shi da omo. Yana ta rawar jiki.

Da ya bushe sai abin ya ƙara lalacewa. Dunƙulen gashin suka ƙara ɗaurewa kamar igiyar da ta sha ruwa, suka manne da fata. Cikinsa ya yi ja, ya wuni yana susa. Sai daga baya na sani cewa yankewa ake fara yi kafin ruwa, kuma omo yana ƙona musu fata.

Washegari na shimfiɗa tawul a kan teburin kicin na ɗora shi. Kilifa ta ƙi shiga gashin, ƙararta kuma ta firgita shi, sai na ɗauki almakashi. Ta cikin safar nan ba na jin komai, ban san inda gashi ya ƙare fata ta fara ba. Na jawo wani dunƙule a bayan kunnensa na datse. Ya yi wata ƙara da ban taɓa ji ba, jini ya ɗiga a tawul.

Mama tana kujerarta a falo, idonta ba ya gani sosai. Ta yi ta tambayata me ya faru, na ce ina zuwa. Na danna auduga a wurin, safar tana santsi, kunnen yana suɓucewa, jinin bai tsaya ba. Ban san lokacin da na fizge safar na yar ba. Na matse kunnen da yatsuna. Ya juyo da kai ya fara lasar wuyan hannuna, harshensa da ɗumi. Duk jikina ya ce in sake shi. Ban sake shi ba, na tsaya ina lura da duk inda harshen ya taɓa don kada in manta wurin wankewa.

Jinin ya tsaya. Da hannuna tsirara na ji yadda fatar take, siririya kamar ɓawon albasa, tana biyo gashi in an ja. Sai na riƙa zura mataji tsakanin fata da dunƙule, in yanka ta samansa. A haka na bi shi gaba ɗaya. Da na gama ya fito kamar figaggiyar kaza, amma idanunsa sun bayyana. Na kai wa Mama shi, na gaya mata na yanke shi a kunne. Ta shafa wurin.

Saura wanke hannu, kuma babu ƙasa. Waje duk siminti ne da ƙanƙara, 'yar ƙasar da ke gindin bishiyoyin titi kuwa nan karnukan unguwa suke fitsari. Na ɗebi ta tukunyar furen Mama da ke taga. Ina cuɗawa ina tambayar kaina ko wannan baƙin abu mai laushi ƙasa ce ta gaskiya. Na wanke, na rikice a lissafi, na sake daga farko. La'asar ta kusa kuɓuce mini.

Ƙarshen wata ɗan ya zo. Ya ɗaga karen yana juya shi, ya ga kunnen, ya ga jan cikin. Na faɗa masa yadda aka yi. Ya naɗe shi a tawul ya fita. Mama ta kira sunansa, ya ce wani abu daga bakin lif ɗin sauka daga bene da ba mu ji ba. Muka zauna. Na kawo mata abinci, ta ture. Ba ta dube ni ba ko sau ɗaya. Ni kuwa ina ta juya abin a raina, cewa da hannuna na jawo mata abin da take tsoro.

Gab da magariba ya dawo, karen yana hannunsa, an sa masa wani abu kamar mazurari a wuya don kada ya sosa ciwon. Likitan dabbobi ya kai shi. Ya ce ciwon kunnen ƙarami ne, amma kada a sake kusantar da omo jikinsa, ya miƙo mini man shafawa da sabulun karnuka. Sannan ya ce zai bar shi, muddin za a riƙa yi masa aski kowane wata. Da ya faɗi haka ni ya kalla.

Mama ta ci abinci a daren, karen yana kan ƙafarta yana buga mazurarin a jikin kujera.

Har yanzu ni nake yi masa, kuma da hannu tsirara, don ban yarda in sake sa safa ba. Ƙasar tukunyar fure ta yi ta raguwa har saiwa ta fito, sai na sayo ƙaramin buhun ƙasa na ajiye a ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Yaya ta ce in je in tambayi malam da kaina in huta. Na je, ya faɗa mini abin da ta faɗa. Duk da haka, wani lokaci ina tsakiyar salla sai in tuna wani wuri a gefen yatsana da ban tabbata ƙasa ta kai ba, in sallame in koma famfo.