Wurin Zama a Motar Deule

Ran kasuwar Buza, wani ɗan daudu yana tsaye a tasha, jikin motar Deule ta ƙarshe. Ya doshi hamsin. Ya ɗaura zane a kan rigar maza, idonsa da kwalli, lallen tafinsa ya fara koɗewa. Masu lodi Ilyasu suke ce masa. Matan da suke sayar da shinkafa tare kuwa Mubaraka suke kiransa, kuma wannan sunan ne yake sa shi waiwayawa.

Yana rungume da kwanon miya ɗaure da ɗankwali. An aiko masa cewa jikin tsohuwarsa ya yi tsanani, ya taho yau. Wataƙila ya shekara bai taka garin ba.

Wuri ɗaya ya rage a motar, tsakanin wasu ƴan kasuwa biyu. Da azahar a rumfarsa suka ci suka yi ƙari, har yanzu ɗayan yana sakace.

"In wannan ya shiga, ni na sauka," in ji mai sakacen.

"Alhaji, inna ta ce ba lahiya. Ko a bakin ƙohwa sai in zamna."

Direba bai ko dube shi ba. Matafiya suna ƙunshe dariya, wani malami yana jan carbi yana kallon waje.

Ya ja baya, ya gyara ɗaurin kwanon kada miya ta zube. Sai aka ɗauko ragon Alhajin, ɗaure ƙafa huɗu, aka cusa shi a wurin. Babu wanda ya ce zai sauka. Mota ta tashi.