Kwaltar Bayan Motar Muntaka

Tun da ruwan bana ya ƙi, zance ɗaya ke yawo a tashar Matameye: wai kwaltar da Muntaka direba ya shafe bayan akori-kurarsa da ita ta aikin hanyar gwamnati ce, sato ta ya yi. A zamanin nan na soja, wannan ba zancen raha ba ne. In ya kai kunnen jandarma, motar za su kama su haɗa da mai ita, ga shi ita kaɗai ta rage tana kai ruwa ƙauyukan Dawce. Ni kuwa na tsufa a aikin lakwal ina koyar da yara, ba na sayen "an ce". Na ja mayafina na fita.

Kullum bayan asuba Muntaka kan cika gangunansa a famfo ya kama hanya. In ya dawo, ba ya kai loma baki sai ya sauke su, ya share bayan motar, ya tsokane ramukan da ruwa ke zurarewa ta cikinsu. Ran Juma'a ba ya lodi. Ranar na iske shi durƙushe yana kankare inda shafen ya ɗago, har ƙarfe ya yi fari. Ya goge da kananzir, ya bar shi ya sha rana. Sannan ya narka kwalta da ɗan baƙin mai a tsohuwar tukunya, ya shafa siriri, ya barbaɗa tankaɗaɗɗen yashi don kada ganga ta zame.

Asalin zancen a bakin Tanko, wani direban tashar, na same shi. Tare suka sayi motocinsu, amma ta Tanko yau kana hango ƙasa ta bayanta, ruwa da kanwa sun cinye. Ya rantse mini shi ma ya zuba kwalta, mai kauri ma, tsatsa ba ta fasa ci ta ƙarƙashi ba, don haka lalle ta Muntaka ta gwamnati ce. Na tambaye shi ko ya kankare kafin ya zuba. Ya ce shi direba ne, ba mai wankin tukunya ba. Yana maganar idonsa na kan motar can, kamar mai azumi kusa da mai tuya.

Hajiya Baiwa ta Dawce kuwa cewa ta yi tun da rijiyarsu ta ƙafe Muntaka bai taɓa yi musu fashi ba in ba Juma'a ba, har awaki sun san kukan motarsa.

"In aka kama ta, Malama, sai dai mu bi mazanmu Kano," in ji ta.

Ta shiga sa masa albarka. Rabin garin nan ni na koya musu karatu, ban taɓa jin an yi mini rabin wannan ba.

Na koma wajen Muntaka na ce masa, "Ɗan nan, kwaltar nan ina kake samo ta?"

Ya yi dariya. "Inna, zo ki gani. Amma ki tattare zanenki."

Muntaka, kai ne mai kankara sa'ad da wasu ke lulluɓewa. Kai ne ka ji abin da ake faɗa a kanka, ba ka fasa gaida Tanko ba, ba ka makara Dawce ba. Mun gode, har da mu masu jin ƙyashin addu'ar da kake sha. Direbobin tasha, ku rage leƙen motarsa, ku ari ƙarfen kankararsa.

Abin da ya nuna mini a bayan gidansa tulin matattun batura ne. Baƙar kwaltar da ke rufe kawunansu yake ɓamɓarowa ya narka. Da yawansu daga bolar gidan Tanko ya tsinto su.