Gwiwar Ɗanmusa na Gwashi

Ɗanmusa maƙwabcina ne a Gwashi, katanga ɗaya ta raba mu. Manomi ne. Da damina yana bayan shanun huɗarsa tun fitowar rana, ya yi gonarsa ya yi ta mutane, da haka yake ciyar da matarsa Hure da 'ya'ya biyar. In kaka ta yi sai ya ɗaura warki ya shiga fagen kokawa. Shekara goma sha ɗaya ana karawa da shi daga Bukkuyum har Gummi, ba a samu wanda ya sa hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa ba. A kokawarmu kuwa wannan shi ne kaye. Da ka dafa ƙasa an gama, wanda ya kayar da kai ya miƙo hannu ya tashe ka. Ɗanmusa har baya yake kakkaɓe wa mutum.

A kakar 1998 Lirwanu, wani ɗan garinmu, ya dawo gari. Lodi yake yi a tashar mota a Gusau, in ya tashi sai gidan bidiyo. Can ya nace wa wani kaset na ƙartin Turawa masu birgima a ƙasa kamar karnuka, wannan ya maƙale ƙafar wancan yana murɗawa, sai wanda ya ji wuya ya bubbuga ƙasa da tafin hannu a sake shi. Wai shi nan ya koyo ilimi. Mutumin da ko ɗan akuya bai taɓa kayarwa ba, shi ya nemi Ɗanmusa ranar kasuwa bayan la'asar.

Ina tsaye a gaba-gaba. Suna kamawa Lirwanu ya zame da gangan, ya zauna daɓas. Fage ya kaure da ihu, makaɗa suka saki ganga, don kowa ya ga ya faɗi. Ɗanmusa ya saki jiki, ya miƙa hannu zai tashe shi. Sai ɗan banzan ya naɗe ƙafafunsa biyu a cinyar Ɗanmusa, ya cusa diddigensa a hamata, ya juya da dukan ƙarfinsa. Ɗanmusa na tsaye da ƙafa ɗaya, ya ɗaga hannuwa sama don kada ya dafa ƙasa. Daga inda nake na ji ƙarar gwiwar kamar an taka busasshen kara.

Da ƙyar alƙalin wasa ya ɓamɓare shi. Ko kunya babu, Lirwanu ya miƙe yana cewa, "To mi ya hana shi buga ƙasa? Da ya buga da na sake shi. Hakanan aka yi cikin kaset."

Ɗanmusa na kwance gumi na zuba, ya ce, "Kai ka hwaɗi tun ɗazu. Ni don mi zan dahwa ƙasa?"

Ɗanmusa aka ba ragon gasar. Gwadabe maɗori ya zo gida ya lalluba ƙafar, ya ce ƙashi lafiya lau, jijiya ce ta tsinke a ciki, ba abin da ɗori zai kama. Kumburi ya sace bayan wata biyu, amma gwiwar ta daina riƙe shi. Da ruwa ya sauka ya fita da shanu, a kunya ta uku ya kife, garma ta ja shi. Hure ce ta sa ƙanenta ya zo ya koro shanun gida.

Abin da ya fi ba ni ƙyama mutanen garinmu ne. Waɗanda suka ci naman ragon nan, su ne na gani bayan kasuwa sun kewaye Lirwanu, ƙatti da gemunsu suna zama a ƙasa yana nuna musu yadda ake kama diddige. Har suna suka raɗa masa, wai Mai Makulli. Tun ranar ban sake taka fage ba.

Ɗanmusa na nan, a zaune yake noma yanzu. Da 'yar fartanya yake bin kunya, yana jan jiki da hannu biyu. In na bi ta gefen gonarsa nakan yi gyaran murya tun daga nesa, don na lura da ya ji tafiyar mutum sai ya yi maza ya ɗauke hannuwansa daga ƙasa ya aza a cinya.