Faifan Baba Ya Iso Bayan Arba'in

Jama'a, yau an kawo wa Babana saƙo, alhali jiya aka yi sadakar arba'in ɗinsa!

Da hantsi wani mai moto ya tsaya a ƙofar gidanmu. Ya miƙo wani ƙunshi, ya ce, "Koli ne na Alhaji Isufu, daga Faransa." Na ce Alhaji ya rasu. Ya yi salati, ya ce, "Allah Ya ji ƙansa. Sa hannu a madadinsa."

Na buɗe. Faifan garmaho ne na kiɗan jaz, sabo fil! Irin tsofaffin nan da ake sake bugawa, mai nauyi, ko ƙwarzane babu. Ashe tun kafin ya kwanta ciwo ya aika a sayo masa, bai gaya wa kowa ba.

Inna na ganin hoton kwalin sai ta zauna ƙasa. Ta ce, "Rakiya, ɗauko garmahonsa."

Na goge shi, na ɗora allura. Wallahi kamar mai busa ƙahon yana tsaye a falonmu!

Can tsakiyar kiɗan Inna ta miƙa hannu za ta taɓa allurar. Kiɗa ya wuce abinsa. Hannunta ya tsaya a sama.

Na ce, "Inna, lafiya?"

Ta ce, "Babanki yana da irinsa tun muna unguwar Gounghin. Daidai nan yake maƙalewa, ni nake tura masa allurar ta tsallake. Kullum sai ya ce wata rana za mu ji wurin da muke tsallakewa."

Ta share ido da mayafinta.

"Mayar baya in ƙara ji. Ashe wurin ma ba shi da tsawo."