Sabo da Ba Ya Kashe Na'ura

Duk wanda ya san marigayi Malam Sabo a Haɗejia ya san yadda yake sake riga: sai ya zura sabuwa a kan tsohuwa, sannan ya zaro tsohuwar ta wuya. Wai kada jiki ya zauna babu mai tsaro.

Haka yake yi wa kwamfutocin kamfanin casar shinkafar da nake awo a ciki. Manhaja uku ce: ta sikeli, ta auna danshi, da mai tura wa manoma saƙo. Kowace sai ta ji daga bakin 'yar'uwarta. Idan ɗaya ta tsaya, layi ya tsaya, shinkafar mutanen Auyo ta jiƙe a waje. Don haka in zai sabunta ɗaya, sai ya kunna sabuwar gefen tsohuwar, ya riƙa tura mata buhuna kaɗan-kaɗan har ta saba.

Ni ne buhun gwajinsa. Wata rana ya ce, “Yaya Haruna, hau sikeli.” Na hau. Ashe sabuwar mai saƙo ta riga ta haɗu da sauran. Nan take wayoyin manoma suka yi ƙara: an karɓi Haruna, yana da danshi, a ƙara shanya shi. Sabo ya mayar da aiki kan tsohuwar ba tare da layi ya tsaya ba, ni kuwa har yau in na shiga Auyo ana tambayata ko na bushe.

Shekarar da ambaliyar ruwa ta shigo ofis Sabo yana tsakiyar sabuntawa, na kai hannu zan zare wayar lantarki. Ya buge min hannu, ya ɗora na'urar da batirinta a kwalekwale, ya zauna yana riƙe mata lema.

“Kai fa?” na ce.

“Ni ai ba a sabunta ni.”

Ashe mutum ma ana sabunta shi. Da ciwo ya fara cinsa, ya ɗauko Injiniya Rifkatu, 'yar Filato, ya ajiye kujerarta gefen tasa. Yau ya bar mata sikeli, gobe saƙo. Na yi ta tsokanarsa cewa lalaci ne ya kama shi.

Ranar da muka kai shi makwanci, manoma suka zo gaisuwa, wayoyinsu na ta ƙara a aljihu. Awo bai tsaya ba.

Allah ya jiƙan Sabo, ya sa ya huta, tun da shi bai bar komai ya huta ba.